Yadda Ake Zana Taswirar Ƙoramu a Hamadar Arewacin Sudan

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta a Abu Hamad ya nufi gabas ko arewa ya san abin da taswirar waya take nuna masa daga nan: fili fayau, babu hanya babu suna, sai ɗigon da ke cewa ga ka nan. Alhali ƙasar cike take da ƙoramu busassu, manya da ƙanana. A cikinsu mota take bi, a cikinsu ake samun 'yar inuwa da rijiya, a cikinsu kuma ruwa yake cin mutane. Samarinmu na Mai Wurno da Gadarif da Kasala da ƙauyukan Jazira masu tafiya neman zinariya sun tashi ne a ƙasar laka, inda hadari yake haɗuwa a gabanka, ka gan shi kafin ya zubo. Arewa ba haka take ba. Ana iya yin ruwa a kan duwatsu kilomita 50 daga inda kake, sama tana tas a kanka, cikin dare ambaliya ta iso sansanin da ka kafa a tsakiyar rairayi. A watan Agustan 2024 ruwan sama ya rushe gidaje masu yawa a Abu Hamad, a cikin watan kuma madatsar Arba'at da ke arewa da Bur Sudan ta ɓalle. Ƙasar da ake cewa ba ta da ruwa tana da hanyoyin ruwa, kuma duk ranar da ya zo, su yake bi.

Wannan jagorar ta mai ƙaramar kwamfuta ce da waya da haƙuri, ba sai wanda ya karanci awon ƙasa a jami'a ba. Abin da ake so a ƙarshe shi ne takarda guda da za ta gaya wa mai riƙe da ita inda ƙoramar da yake ciki ta taso, inda take zuba, iyakar inda ruwanta ya taɓa kaiwa, da inda zai samu na sha.

Da farko ka yanke yankin

Kada ka ce za ka zana Atmur, wato hamadar da ke arewa da Abu Hamad, gaba ɗaya. Tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad kaɗai, layin dogon da aka shimfiɗa a 1897 ya kai wajen kilomita 370. Ka zaɓi ƙorama ɗaya wadda mutanenka suke aiki a cikinta, ka ɗauke ta tun daga bakinta har zuwa duwatsun da ke ba ta ruwa. Iyakar taswirarka ita ce marabar ruwa, wato gadon tudun da ruwan da ya sauka a wannan gefe yake zuwa wajenka, na wancan gefe kuma ya tafi wani wuri. Taswirar da ta tsaya a kilomita 5 sama da sansani ba ta da amfani, domin haɗarin daga can sama yake zuwa.

Yana da kyau ka riƙe babban tsarin ƙasar a kai. A hamadar Nuba, Wadi Gabgaba arewa yake gangarawa, ya shiga Wadi Allaƙi, shi kuma ya zuba a tafkin Nasir a cikin Masar. Waɗanda ke kudu da marabar suna komawa Nilu ta wajen Abu Hamad. A hamadar Bayuda, Wadi Abu Dom yana fita Nilu kusa da Marawi, Wadi Muƙaddam kusa da Korti, Wadi al-Milk kuma ya taso tun daga Kordofan ya fita a Dabba. Can gabas, duwatsun Bahar Maliya sun raba ruwa biyu, wani ya nufi teku, wani ya nufi Nilu. Duk ƙaramar ƙoramar da za ka zana, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin irin waɗannan take.

Sai ma'auni. A 1:250,000, santimita ɗaya a takarda kilomita 2.5 ce a ƙasa. Wannan na tsara doguwar tafiya ne. Na aiki shi ne 1:50,000, inda santimita ɗaya take mita 500. Kewayen sansani da rijiya, ka yi 1:25,000.

Tsofaffin taswirori

Ma'aikatar awon ƙasa ta Sudan ta zana ƙasar nan a ma'aunin 1:250,000 tun zamanin mulkin Turawan Ingila, kuma wasu ɗakunan karatu na waje sun ɗora hotunan takardun a intanet. Akwai kuma na sojan tsohuwar Tarayyar Sobiyet a 1:200,000, masu layukan tudu, sai dai sunayen da haruffan Rashanci suke. Ka nemi duka biyun. Amfanin na Turawan Ingila shi ne sunaye: rijiyoyi, duwatsu, tsofaffin hanyoyin raƙuma, wani lokaci har da bayanin ko ruwan rijiyar mai daɗi ne ko mai zartsi. Amma kada ka dogara da su wajen sanin ainihin wuri. Yawancin na cikin hamada a bayan raƙumi aka yi su, da kamfas da agogo, don haka rijiya tana iya zama nesa ƙwarai da inda aka ɗiga ta. Ka ɗauki sunan, ka bar wurin sai ƙafarka ta tabbatar.

Ka daidaita lambobi kafin komai

Wannan matakin gajere ne, amma a nan mutane suke ɓata. Wayarka tana aiki da tushen awon da ake kira WGS 84. Taswirorin hukuma da yawa na Sudan kuwa a kan wani tushen daban mai suna Adindan aka ɗora su. Idan ka kwashi lambar UTM, wato lambar wuri da ake bayarwa da mita maimakon digiri, daga irin wannan takarda ka zuba a waya ba tare da juyawa ba, za ka sauka wajen mita 200 daga inda kake nufi. Saboda haka komai naka ya kasance WGS 84, shiyyar UTM ta 36 idan kana tsakanin digiri 30 da 36 na gabas, wanda ya haɗa Dongola da Marawi da Abu Hamad da Atbara. Daga digiri 36 zuwa gaɓar teku, shiyya ta 37 ce. A QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, lambar ta farko 32636, ta biyun 32637.

Wanda ya fi wannan muni shi ne rikita salon rubuta digiri. Wani ya karanta maka 19.30 a waya, kai ka rubuta digiri 19 da minti 30. Ba ɗaya ba ne: 19.30 daidai yake da digiri 19 da minti 18. Minti 12 ɗin da ke tsakani kilomita 22 ne a ƙasa. Motar da ta fito neman wanda ya lalace a hanya da irin wannan lambar ba za ta same shi ba. Ku zauna da abokan tafiyarka ku zaɓi salo ɗaya, kowa ya saita wayarsa a kai tun kuna gari.

Abin da za ka sauke daga intanet

Ka yi wannan a inda intanet take da ƙarfi, domin daga ka shiga khala, wato tsakiyar hamada, shi ke nan. Abu uku kake bukata, duka kyauta ne.

Na farko QGIS. Na biyu bayanan tudu da kwari. Akwai SRTM, wanda kumbon Endeavour na Amurka ya auna da rada a watan Fabrairun 2000, akwai kuma Copernicus GLO-30 na Turai, wanda aka auna tsakanin 2011 da 2015. Dukansu suna ba da tsayin ƙasa a kowace mita 30, kuma suna zuwa gutsure-gutsure, kowane gutsure digiri ɗaya a tsaye digiri ɗaya a kwance, wato kamar kilomita 111 da 105 a wajen Abu Hamad. Ni na fi son na Turai, ya fi tsabta a fili. Akwai kuma dalili na musamman ga mai aiki kusa da ƙasar ƙabilar Manasir, sama da Marawi: an kammala madatsar Marawi a 2009, don haka SRTM yana nuna bakin ƙoramu da tsibirai da yanzu suke ƙarƙashin tafki.

Na uku hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, masu nuna abu a kowace mita 10, waɗanda ake sabuntawa kusan kowane kwana 5. Kada ka sauke hoto ɗaya. Ka nemi na watan Mayu ko Yuni, kafin ruwa, da na ƙarshen Satumba ko Oktoba a shekarar da aka yi ruwa sosai. 2024 ta dace da wannan. Hoton yana zuwa ne zubi-zubi, kowane zubi da irin hasken da ya ɗauka. Idan ka haɗa zubi na 8 da na 4 da na 3, duk wani ɗanyen ganye ja yake fitowa. A hoton bayan ruwa za ka ga jan zare yana bin wasu ƙoramu ya bar wasu. Waɗanda suka yi ja su ne masu rai. Mai aiki ta gefen Bahar Maliya ya tuna ruwan can a lokacin sanyi ya fi sauka, sai ya zaɓi watanninsa daidai da haka.

Fitar da ƙoramu a kwamfuta

Ka buɗe gutsuren tudun a QGIS, idan sun fi ɗaya ka haɗe su, sannan ka juya su zuwa UTM domin awon ya koma mita. Ka fara yin inuwar tudu da Hillshade. Nan take ƙasar za ta tashi a gabanka, ka ga ƙananan ƙoramu suna shiga manya kamar jijiyoyin ganye. Ka daɗe kana kallon wannan kafin ka taɓa wani abu. Ido yana koyon ƙasa a nan fiye da yadda lissafi zai koya masa.

Sai layukan tudu, da Contour. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku yake ɗaya. A duwatsu ka sa tazarar mita 20, a fili mita 10. Kada ka yi kwaɗayin mita 1 ko 2: bayanan da kansu suna da kuskuren 'yan mitoci, abin da za ka samu tarkacen layuka ne marasa ma'ana. Inda layukan suka matsu, gangara ce mai tsauri. Inda suka ƙetare ƙorama suna lanƙwashewa su yi tsini, kuma tsinin kullum sama yake nunawa, wajen da ruwa yake fitowa. Wanda ya riƙe wannan kaɗai zai iya karanta kowace taswirar tudu.

Daga nan ka kira r.watershed, yana cikin kayan GRASS da ke tafe da QGIS. Aikinsa shi ne ya bi kowane ɗigo ya ga ina ruwa zai gangara daga gare shi, ya ƙirga ɗigo nawa ne suke zuba a kowane wuri. Zai tambaye ka mafi ƙarancin adadin da za a kira ƙorama. Kowane ɗigo murabba'in mita 900 ne, don haka 1,000 ya kusa murabba'in kilomita ɗaya, 10,000 kuma murabba'in kilomita 9. Ka yi sau biyu: na 10,000 ya ba ka manyan, na 1,000 ya ba ka rassan. Sannan ka ɗora alama a inda sansaninku yake, ka kira r.water.outlet. Zai shata maka duk ƙasar da ruwanta yake bi ta gabanku.

Ka auna faɗin wannan ƙasar, domin ita ce lamba mafi muhimmanci a duk aikin. A ce ta fito murabba'in kilomita 100, wanda ba wani babba ba ne a can. Ruwan milimita 10 kacal a kanta ya zama kubik mita miliyan ɗaya, barmil, wato duro mai lita 200, miliyan 5 ke nan. Rairayi zai sha wani, amma inda dutse ne tsirara babu abin da ke riƙe shi, kuma duk ruwan da ya tsira, ta wannan maƙogwaron da kuka kafa tanti zai wuce. Na ga mutane sun sauya wurin kwana saboda wannan lissafin kaɗai, bayan an yi ta yi musu magana ba su ji ba.

Yanzu ka ɗora layukan da kwamfuta ta fitar a kan hoton Sentinel-2. A cikin duwatsu za ka ga sun hau daidai. A fili kuwa za su fara yi maka ƙarya: layi miƙaƙƙe sak ya ratsa tudun rairayi, ko ƙorama ta bi hagu alhali hoton yana nuna jerin bishiyoyi a dama. Dalili shi ne inda gangarar ba ta wuce mita ɗaya ko biyu a kilomita ba, kuskuren bayanan ya fi gangarar yawa. Haka nan inda ƙorama ta fito daga dutse ta bazu ta rabu gida-gida, lissafin reshe ɗaya zai zaɓa, ruwa kuwa bana ya bi wannan, baɗi ya bi wancan. Duk inda hoto da lissafi suka saɓa, ka bi hoto, ka sa alamar tambaya, ka rubuta wurin cikin jerin inda za ka taka da ƙafa. Ka buga wannan daftarin a takarda, ka kuma zuba shi a waya ta manhajar QField ko OsmAnd, ka gwada buɗe shi bayan ka kashe intanet.

Izini da khabir

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, baƙo mai taswira da kamfas abin zargi ne, kuma ba za ka ga laifin mai zargin ba. Ka je hukumar yankin ka faɗi abin da kake yi, ka karɓi takarda. Jirgi marar matuƙi kada ma ka ɗauko shi. Kada ka ɗiga shingen sojoji ko wani wurin tsaro. Layin digiri 22 iyaka ce da Masar. Ka zana shi da kauri a daftarinka, ka tsaya nesa da shi.

Sannan ka nemi khabir, wato ɗan jagoran da ya san ƙasar, daga mutanen wurin, Ababda ko Bishariyin a gabas da arewa, Hassaniya ko Hawawir a Bayuda. Ka biya shi hakkinsa yadda ya kamata, kada ka yi ciniki kamar kana sayen albasa. Kada kuma ka fara tura masa waya a fuska. Ku sha shayi tukuna, sannan ka ce, "Baba, wannan ƙoramar daga wane dutse take sha?" Sau da yawa zai share ƙasa da tafin hannu ya zana maka da yatsa, ya aza tsakuwa a matsayin duwatsu. Ka ɗauki hoton zanen kafin iska ta share shi. Ka tambaye shi shekarar da ruwa ya fi yawa a saninsa, da inda ya tsaya. Sunaye ka rubuta su yadda ya faɗa, da haruffan Larabci da na boko. Ƙorama ɗaya takan yi suna biyu, na sama daban na ƙasa daban, ga kuma wanda dahaba, masu neman zinariya, suka laƙa mata jiya-jiya. Ka rubuta duka, na asali a gaba.

A ƙasa

Lokacin aikin daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Mota biyu, ba ɗaya ba. Ruwa lita 10 ga kowane mutum a rana, da ƙarin na kwana uku. Wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan'adam idan da hali, da wani a gari wanda ya san hanyarku da ranar dawowarku.

Waya tana kama tauraron GPS ko babu layi, don haka ka sa ta a yanayin jirgi ka adana caji, ka kuma kare ta daga rana domin zafi yana kashe ta. Ka kunna ɗaukar sawu, direba ya bi tsakiyar ƙoramar. A kowace mahaɗa, kowace rijiya, kowane mashigi da kowane wurin da mota take kafewa, ka tsaya, ka ba wayar minti ɗaya ta natsu, ka ɗiga alama. A fili kuskurenta bai cika wuce mita 5 ba. Tsayin da take nunawa kuwa kada ka yarda da shi, yakan yi tsalle da mita 10 ko fiye kana tsaye wuri ɗaya. Kowace alama ka ba ta lamba, ka rubuta lambar da bayaninta a littafi da fensir. Waya tana faɗuwa, tana mutuwa. Littafi yana dawowa gida. Ka riƙe kamfas na hannu, ka tuna allurarsa a wannan yanki tana karkata digiri 3 zuwa 4 gabas da arewa ta gaskiya, kuma kada ka karanta shi kana jingine da mota.

A fili mai shimfiɗe ido ba ya gane ina ne sama ina ne ƙasa. Ka duba gindin bishiya. Ƙiraren da busasshiyar ciyawar da ruwa ya kwaso suna maƙale ne a gefen da ruwan ya fito. Ka duba faffaɗan tsakuwa a tsakiyar ƙorama: suna kwance bisa juna, kowace ta ɗaga baki wajen da ruwa ya nufa. Rassa kuma suna shiga uwar ne suna fuskantar ƙasa. Wutsiyar rairayin da ke bayan dutse ko kurmi kada ta ruɗe ka, domin iskar arewa tana kaɗawa yawancin shekara, tana jan rairayi kudu ko da ruwan arewa yake tafiya, kamar a Gabgaba.

Sai alamar ambaliya, wadda saboda ita aka yi duk wannan tafiyar. Ka ɗaga kai ka duba rassan bishiyoyin ƙaya irin su samur da salam. Za ka ga ƙullin ciyawa da leda da kashin raƙumi a maƙale, wani lokaci sama da kanka. A gaɓa za ka ga siririn layin ƙirare a kwance, ko inda laka ta bushe ta tsattsage a kan dutse. Ka nemi mafi tsayinsu a gaɓa biyun, ka ɗiga. Launin tsakuwa ma yana magana. Wadda ruwa yake juyawa fara ce ko toka-toka. Wadda ta yi baƙi tana sheƙi a kan tudu ta daɗe ƙwarai ba abin da ya motsa ta. A kan baƙar ake kwana, ko da babu inuwa, ko da rairayin cikin ƙorama ya fi daɗin kwanciya. A lanƙwasa kuma ka guji gefen waje, nan ruwa yake cin gaɓa ta rufta.

Don auna zurfin, ba ka bukatar na'urar injiniya. Ka sayi tiyon magina, wannan siririn da ake ganin ruwa a cikinsa, mai mita 15, da sanda biyu da ka yi wa zanen santimita. Ka cika tiyon da ruwa, ka kaɗa shi har kumfar iska ta fita duka, domin ko ɗaya ta rage awon ya lalace. Mutum ɗaya ya kafa sandarsa a kan alamar ambaliya ya manna bakin tiyon a jikinta, na biyu ya gangara mita 10 wajen tsakiya ya yi haka. Ku jira ruwan ya daina rawa. Idan na sama ya karanta 40, na ƙasa ya karanta 110, ƙasa ta sauka santimita 70. Na sama ya dawo inda na ƙasa yake, a ci gaba haka har a haura ɗaya gaɓar. Idan kun yi daidai, alamar can gefen za ta zo kusan daidai da ta nan. Idan ta bambanta da yawa, ɗaya daga cikinsu ta wata ambaliyar ce daban. A ce faɗin ya fito mita 80, matsakaicin zurfi mita ɗaya da rabi: murabba'in mita 120 ke nan. Ruwa mai gudun mita 2 a daƙiƙa ta irin wannan wuri yana wuce da barmil 1,200 kowace daƙiƙa. Ruwan da ya kai gwiwa ma, in yana gudu, ya isa ya ɗauke mota. Ka yi wannan awon a gaban sansani, a mashigin da motoci suke bi, da kowane maƙoshi inda duwatsu suka matse ƙoramar.

Ruwan sha

Bishiyoyi suna taimakawa. Jerin goriba ko aduwa ko asuwaki mai yawan ganye a lanƙwasa alama ce ta damshi a ƙasa, haka nan inda gindin dutse ya gitta ƙoramar ya tare ruwan da ke tafiya cikin rairayi. Sama da irin wannan wuri makiyaya suke tona. A duwatsu akwai tafkunan cikin dutse masu daɗewa, irin na Jakdul a Bayuda, waɗanda rundunar Ingila ta dogara da su a 1885 a hanyarta ta zuwa Khartum. Kowane ruwa ka rubuta iri, zurfi da igiya, ɗanɗano, ranar da ka gani, da mutanen da suke da shi. Ranar tana da muhimmanci, domin rijiyar da ke da ruwa a Disamba tana iya zama ƙura a Mayu.

Abin da tsofaffin taswirori ba su da shi, kuma dole taka ta samu, shi ne wuraren injinan niƙa dutse da kwatamin wanki da tulin karta, wato ragowar niƙaƙƙen dutsen da aka wanke. A nan ake aiki da zaiba, wasu wuraren har da gubar sayanaid. Ambaliya tana kwasar wannan ta gangara da shi. Duk rijiyar da take ƙasa da irin wannan wuri a ƙorama ɗaya, ka zagaye ta da ja, ka gaya wa masu ita abin da ka gani. Idan kuma ka ci karo da tulin duwatsun tsofaffin kaburbura ko kufai, waɗanda suke da yawa a Allaƙi da Gabgaba domin tun zamanin Fir'aunoni ake haƙar zinariya a can, ka rubuta a littafinka, kada ka sa su a takardar da za ta yi yawo hannu-hannu.

Bayan an dawo

Kada ka bari mako ya wuce. Ka zuba sawun da alamomin a QGIS, ka gyara layukan da hannu. Ƙa'ida ɗaya nake roƙon kada a karya: ƙoramar da aka taka a zana ta da shuɗin layi cikakke, wadda kwamfuta ko hoto kaɗai suka nuna a zana ta da tsinke-tsinke. Mai riƙe da takardar yana da hakkin sanin wanne aka gani da ido. Iyakar ambaliya ta zama ja, wuraren kwana masu aminci su samu alamarsu, kibiya ta nuna inda ruwa yake nufa a kowace babbar ƙorama, kuma a gefen kowane sansani a rubuta faɗin ƙasar da ke zubo masa ruwa.

Ka sa ragar UTM ta kilomita ɗaya-ɗaya, da kibiyar arewa, da sandar ma'auni, domin in an ƙara ko an rage girman takardar wajen kwafi, rubutun 1:50,000 ya zama ƙarya amma sandar tana nan daidai. A ƙasa ka rubuta WGS 84 da shiyya da watan da aka yi tafiyar. Sunaye da Larabci da boko. Ka buga a A3, a rufe da leda, kowace mota ta samu ɗaya, khabir ma a kai masa tasa, a karanta masa sunayen ya gyara wanda aka karkata. Layukan ƙoramu kana iya ɗora su a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa yake iya ƙara wa, kowa ya amfana, amma rijiya sai da yardar masu ita, domin ruwan da yake isar gida biyar da raƙumansu ba zai ishi ayarin motoci ba.

Bayan kowace babbar ambaliya ka sauke sabon hoton Sentinel-2 ka aza a kan na da. Inda ƙorama ta sauya hanya ko gaɓa ta ci gaba, ka mayar da layin tsinke-tsinke har sai wani ya je ya taka, ka sauya kwanan watan, ka aika a karɓo tsofaffin kwafin daga motoci.